Daga Akce Zuwa Lira: Wa Ya Biya Kuɗin Yaƙe-yaƙen Sarakunan Istanbul?

Duk sa'ad da farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, ba a rasa wanda zai ce a majalisa laifin takarda ne. Da dinari da dirhami muke kashewa, in ji shi, zinariya da azurfar da ake aunawa a sikeli, da babu hukumar da za ta wayi gari ta narkar da gumin jama'a da injin buga kuɗi. Masu wannan magana da zuciya ɗaya suke yin ta, kuma ƙuncin da ya sa su yin ta na gaske ne. Sai dai akwai daular Musulmi da ta yi shekara ɗari biyar da 'yan kai tana ciniki da azurfa da zinariya kafin ta fitar da takardar kuɗi ko ɗaya, ta kuma bar kundaye jibgi na baitulmali da na kotunan alƙalai waɗanda har yau ake karantawa. Ina nufin Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai fada a Istanbul, ba tamu ta Sakkwato ba. Wanda ya bi tarihin kuɗinta zai ga cewa ƙarfe yana rage wa mai mulki saurin hannu, amma bai taɓa ɗaure hannun ba. A lokutan da hannun ya ɗauru, mutane ne suka ɗaure shi, waɗanda ke da ikon cewa ba su yarda ba.

A wajen 1326, shekarar da ya ci birnin Bursa, Orhan ɗan Usman ya buga wani ɗan ƙaramin kuɗin azurfa mai suna akce, nauyinsa giram ɗaya da 'yar ɗoriya. A al'adar sarautar Musulunci abu biyu ke nuna sarki ya tsaya da ƙafarsa: a ambaci sunansa a huɗubar Juma'a, a kuma buga sunan a kan kuɗi. Akce ya yi fiye da shekara ɗari bai sauya sosai ba. Da daular ta bazu cikin yankin Balkan, ta mallaki ramukan azurfa irin na Novo Brdo da Kratovo da Sidrekapsi, sai aka riƙa ƙera shi a garuruwa da dama. Da shi ake biyan soja, da shi ake yanka haraji, da shi ake rubuta albashin limami da na ladan a takardar wakafi.

Sarkin da ya fara mayar da rage azurfa hanyar cika baitulmali shi ne wanda muka fi ƙauna a cikinsu, Muhammadu Alfatih, wanda ya buɗe Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul, a 1453. Faɗin haka ba ya rage masa daraja a fagen da ya cancance ta, amma gaskiya ce da bai kamata a rufe ba. Dabararsa ita ce sabunta kuɗi. Sai a yi shela cewa tsohon akce ya daina karɓuwa, kowa ya kai nasa maƙerar sarki a sauya masa da sabo. Sabon kuwa bai kai tsohon azurfa ba, rarar ta zama ta baitulmali. Har ma'aikata aka naɗa masu binciken jakunkunan fatake da ɗakunan masauki, don kada wani ya ɓoye tsohon kuɗi. Ya maimaita haka kusan duk bayan shekara goma, wani lokaci ma ba a kai ba, har azurfar da ke cikin akce ta ragu da kimanin kashi talatin cikin ɗari a zamaninsa. Wannan shi ne abin da mai nono ke yi in ta ƙara ruwa a ƙwarya: ludayi bai canza ba, farashi bai canza ba, amma wanda ya sha ya san an cuce shi.

Tun a karon farko aka nuna masa iyaka. Yana ɗan shekara goma sha huɗu, a hawansa na farko, sojojin Janisari suka karɓi albashinsu da sabon akce, suka je kasuwa suka ga bai saye abin da ya saba saye ba. A 1446 suka yi bore a Edirne, babban birnin daular a lokacin, suka taru a kan wani tudu suka ƙi sauka. Aka ƙara musu rabin akce a kan ukun da suke samu kullum, mahaifinsa Muradu na Biyu kuma ya dawo kan gadon sarauta. Daga nan aka kafa wani tsari da ya yi kusan shekara ɗari huɗu yana aiki: sarki ya rage azurfa, masu albashi su ji a jikinsu, waɗanda ke riƙe da makami a cikinsu su tayar da ƙayar baya. Da Alfatih ya rasu a 1481, ɗansa Bayazidu na Biyu ya daina wannan sabuntawa, domin ya hau mulki ne da goyon bayan waɗanda ta ƙona. Akce ya samu kusan shekara ɗari yana zaune lafiya, kuma a cikin wannan ƙarni ne aka yi Salim na Ɗaya da Sulaimanu Alƙanuni.

Akwai abin da masu kiran a koma wa zinariya ba su cika lura da shi ba. Alfatih ɗin nan shi ne ya fara buga kuɗin zinariya na daular, sultani, a wajen 1477, a kan ma'aunin dukat na birnin Benis, giram uku da rabi. Bayan an ci Masar a 1517, zinariyar Afirka da ayari ke kai wa Alƙahira ta ƙara wadata maƙerun sarki. Sultani ya yi kusan shekara ɗari biyu ba a yi masa wani algus na a zo a gani ba. To, amma wa ke riƙe da shi? Waziri, da babban attajiri, da mai sayen haƙƙin karɓar haraji. Lebura da soja da malamin makaranta akce ake ba su, sai kuma mangir na jan ƙarfe don sayen burodi. Kuɗi biyu ne a ƙasa ɗaya, na manya ba ya motsi, na ƙanana yana ramewa. Duk ranar da aka rage azurfa, mai sultani a akwati sai ya wayi gari ya fi jiya arziki in aka lissafa da akce, alhali bai ɗaga ko tsinke ba.

Babbar girgiza ta zo a 1585 zuwa 1586, zamanin Muradu na Uku. Daular tana tsakiyar yaƙi da Safawiyyawan Farisa, wanda aka fara a 1578 bai ƙare ba sai 1590, kuma bayan shekara uku aka shiga wani da Ostiriya har 1606. Salon yaƙi ma ya sauya. Barade masu doki da takobi, waɗanda ake biya da gandun ƙasa su ci harajinta, sun fara zama tsohon yayi a gaban dakarun ƙasa masu bindiga, su kuwa waɗannan tsabar kuɗi suke karɓa duk wata uku. Janisari da ba su wuce dubu 13 ba a tsakiyar ƙarnin sun kusa dubu 38 a 1609. Baitulmali ya kasa. Sai aka ba da umarni: azurfar da a da ake ƙera akce 450 da ita, yanzu a ƙera 800. Sultani ɗaya da ake canzawa akce 60 ya koma 120. A 1589 sojoji suka kutsa fada suka ce sai an ba su kan waɗanda suka kitsa wannan aiki. Sarki ya miƙa musu Muhammadu Fasha, gwamnan Rumeli kuma na hannun damansa, tare da ma'ajin daula, aka sare kawunansu.

An daɗe ana jingina wannan masifa ga azurfar Amurka. Bayan Sifaniyawa sun gano dutsen Potosi a 1545, azurfa ta malalo Turai, ta gangaro gabas, farashi ya tashi ko'ina. Masanin tarihi Omer Lutfi Barkan ya tsaya a kan wannan bayani, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma Shevket Pamuk, wanda ya tattara farashin kayan masarufi na Istanbul daga kundayen fada da na wakafai, ya nuna cewa in aka auna farashin da giram na azurfa tashin bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan tsadar daga ramewar akce ta fito, ramewar kuma daga giɓin baitulmali. Ni na fi gamsuwa da wannan, ba don lissafin kaɗai ba, har don yana hana mu sauƙin ɗora laifi a kan baƙo alhali hannun da ya rage awon na gida ne.

Ba kowa ne ya yi asara daidai da kowa ba. Manomin da aka yanka wa harajin gona da ƙayyadadden adadin akce ya ɗan samu sauƙi da farko, tun da abin da zai biya ya rage nauyi. Baraden da ke rayuwa a kan wannan haraji su suka talauce, wasu suka watsar da gandayensu. Amma sauƙin manomi bai daɗe ba, domin hukuma ta mayar da harajin gaggawa na lokacin yaƙi abin karɓa duk shekara, ta kuma riƙa sayar da haƙƙin tara haraji ga wanda ya fi tayi. Boren Jalali da ya ɗaiɗaita ƙauyukan Anadolu daga shekarun 1590 zuwa wajen 1610 yana da dalilai da yawa, har da fari da sojojin haya da aka sallama ba aiki, amma wannan rikicin kuɗi yana cikinsu. Wakafan tsabar kuɗi kuwa, waɗanda Shaihul Islam Abus Su'ud ya halatta, jarinsu ya zagwanye a hankali. Mutum ya ajiye dukiya don a riƙa ciyar da almajirai har abada, bayan jikokinsa abin bai isa sayen man fitilar masallaci ba.

A ƙarni na 17 akce ya ƙanƙance har ya zama da wuyar ɗauka da yatsa, kuma daga wajen 1640 yawancin maƙerun sarki suka yi shiru. Daular da ke mulki daga Bagadaza zuwa Budapest ta koma tana ciniki da kuɗin wasu: dalar Holan mai hoton zaki da riyal ɗin Sifaniya. Akce ya zama sunan lissafi kawai a takarda. Fataken Faransa da na Italiya suka ga dama ta samu, suka riƙa shigo da jiragen ruwa cike da ƙananan sulalla masu kyan gani da ƙarancin azurfa, jama'a na karɓa don babu wani. A 1651 'yan kasuwar Istanbul suka rufe shaguna suka yi tattaki zuwa fada, saboda waziri Malik Ahmad Fasha ya tilasta musu karɓar gurɓataccen kuɗi su ba da zinariya, kuma sai da aka tsige shi. A 1656 sojojin da aka biya da irin wannan kuɗi suka rataye manyan fadawa a wata bishiya a dandalin da ke gaban masallacin Sultan Ahmad. Ban kawo waɗannan don in yabi zubar da jini ba. Na kawo su ne don a ga cewa kowane sarki da kowane waziri ya san akwai farashin da zai biya in ya taɓa kuɗi, kuma sanin haka ya sa ba a taɓa shi sai an rasa yadda za a yi.

A 1690 aka fara ƙera babban kuɗin azurfa na gida, kurush, a kan fasalin dalolin Turai. Kurush ɗaya para 40 ne, ko akce 120. Sababbin ramukan azurfa a Gumushane da Keban da Ergani suka taimaka, aka kuma samu shekaru masu dama ba babban yaƙi, sai kurush ya zauna da gindinsa har shekarun 1760. Shi ne kakan ƙirshin da har yau ake lissafi da shi a Masar da Sudan da Jodan. Yaƙe-yaƙe da Rasha, na 1768 zuwa 1774 da na 1787 zuwa 1792, su suka sake karya shi.

A nan ya kamata a tsaya a tambayi dalilin da ya sa daula mai faɗin ƙasa haka kullum take cikin rashi. Talaka yana biya, ba wai ba ya biya ba. Matsalar ita ce abin da ya biya ba ya isa Istanbul. Daga 1695 aka fara sayar da haƙƙin karɓar haraji na tsawon rayuwar mai saye. Babban mutum a fada ya saya, ya ba wani haya, wannan ya ba wani, masu canji na unguwar Galata su ba da jari, manyan gidajen larduna su ɗebi nasu. Kafin kuɗin ya iso baitulmali an yi masa cin kowa-da-rabonsa. Sarki ba shi da ƙarfin ƙwace wannan daga hannun manya, domin da su yake mulki. Rage azurfa kuwa ba ya buƙatar izinin kowa, ba a aika mai karɓa ƙauye, ba a rubuta shi a matsayin haraji. Shi ya sa nake kiransa harajin da aka ɗora wa marasa ƙarfi don an ji nauyin masu ƙarfi.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan tana zamanin Mahmudu na Biyu, 1808 zuwa 1839. Da ya hau, kurush yana ɗauke da azurfa giram 5.9, kuma fam ɗin Ingila ɗaya kurush 18 ne ko kusa da haka. Kafin 1844 azurfar ta koma giram ɗaya, fam ya kai kurush 110. Ba a taɓa ganin irin wannan ba a duk tarihin daular. Sarkin yana da uzurinsa: boren Sabiya, boren Girka, yaƙi da Farisa, yaƙi da Rasha, sa'an nan gwamnansa na Masar, Muhammadu Ali, ya juya masa baya. Amma a duba lokacin da ragin ya fi tsanani. A watan Yuni na 1826 Mahmudu ya murƙushe Janisari da igwa ya soke rundunar baki ɗaya. Littattafan tarihi suna yabon wannan a matsayin matakin gyara, kuma lalle rundunar ta riga ta lalace a fagen fama. Sai dai a wannan zamani Janisari sun cakuɗe da masu sana'a, da yawansu mahauta ne da masu gidan gahawa da 'yan dako, don haka muryarsu ita ce muryar kasuwa. Shekara biyu bayan kawar da su, a lokacin yaƙin Rasha na 1828 zuwa 1829 da diyya mai nauyi da ta biyo bayansa, aka yi ragin da ya fi kowane muni, har azurfar kurush ta taɓa rabin giram. Ba wanda ya hau tudu, ba wanda ya rufe shago. Azurfa ce dai a hannun mutane kamar jiya, abin da ya ɓace shi ne mai tsawatarwa.

Wanda yake son ya ji yadda abin ya shiga gidaje, ya duba abin da ya dami malaman fiƙihu. Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙu wanda ya rasu a 1836, ya rubuta risala sukutum a kan wannan, mai suna Tanbihur Ruƙud ala Masa'ilin Nuƙud. Tambayoyin da ake kawo wa masu fatawa na yau da kullum ne. Mutum ya sayar da kaya bashi a kan kurush ɗari, kafin wa'adi ya cika umarnin sarki ya sauya darajar sulalla, wasu sun faɗi da yawa wasu kaɗan, da wanne za a biya? In aka bar wa mai biya zaɓi, zai ɗauko wanda ya fi cutar da mai karɓa. Haka sauran sadakin da mace ke bin mijinta tun shekara ashirin, haka dukiyar maraya a hannun waliyyi. Malaman mazhabar tun da can sun saɓa a kan ko adadi ake mayarwa ko ƙima, Ibn Abidin kuma ya karkata ga a yi sulhu a kan matsakaici, don kada cutar ta taru a kan mutum ɗaya. Abin yana taɓa zuciya: malami yana zaune yana neman yadda zai raba asara da adalci tsakanin bayin Allah biyu, alhali wanda ya haddasa asarar ba ya cikin waɗanda za a kira gaban alƙali.

Kasuwa kuwa tana da nata hukuncin. A Yaman da Hijaz da gaɓar Bahar Maliya mutane sun fi amincewa da dalar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda har yau ake buga ta da shekarar 1780, nauyinta giram 28, azurfarta ba ta sauyawa. Ita ce ta ƙetare Sahara ta hanyar Tarabulus, lardin Usmaniyya, a hannun fatake irin na Gadamas. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya wuri 2,500. Fataken da ke ƙarƙashin tutar sarkin Istanbul, kuɗin wata sarauniyar Turai da ta daɗe da mutuwa suke kawowa Kasuwar Kurmi, don shi ne wanda ba a sauya masa awo.

Adalci ya wajaba ga masu ra'ayin ƙarfe. Lissafin Pamuk ya nuna farashi a Istanbul ya ninka kusan sau 300 daga 1469 zuwa 1914, wato kimanin kashi 1.3 cikin ɗari a shekara. In aka gwada da abin da takarda ta yi wa Turkiyya a ƙarni na 20, har ta kai ga goge sifili shida daga lira a 2005, wannan ba komai ba ne. Kuma algus a ƙarfe yana da wuyar ɓoyewa, kowane maƙerin zinariya zai goga a dutse ya faɗa maka gaskiya. Na yarda da duka biyun. Amma tsadar ba a shimfiɗe ta zo ba, a dunƙule ta zo sau biyu, daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 17, sai kuma daga wajen 1780 zuwa 1850, inda farashi ya ninka fiye da sau goma a tsawon rayuwar mutum ɗaya. Wanda ya rayu a wannan tsakani, matsakaicin lissafin shekara ɗari huɗu ba zai share masa hawaye ba.

Abin da ya biyo baya ya fi komai koyarwa. A 1840 aka gwada takarda, ƙa'ima, wadda da farko da hannu ake rubuta ta kuma tana ɗauke da kuɗin ruwa, masu jabu suka yi mata ca. A 1844 Sarki Abdulmajid ya yi gyaran da aka daɗe ana jira. Aka kafa lira ta zinariya, giram 6.6, daidai da kurush 100, da majidiyya ta azurfa mai kurush 20, aka kawo injuna daga Ingila, aka yi alkawarin an daina rage awo. An kuwa cika alkawarin. Daga 1844 har Yaƙin Duniya na Ɗaya fam ɗin Ingila yana nan a kan kurush 110 na zinariya. Ga tsabtataccen kuɗi, irin wanda ake mafarki.

Giɓin baitulmali fa? Yana nan inda yake, tun da ba a gyara hanyar tara haraji yadda ya kamata ba, ga sabuwar runduna, ga jiragen yaƙi, ga fadoji irin Dolmabahce da aka gama a 1856. Da aka toshe ƙofar algus sai rashi ya fita ta ƙofar bashi. A 1854, ana yaƙin Kirimiya, daular ta ci bashin waje na farko, fam miliyan uku, ta jinginar da harajin da Masar ke aiko mata. Cikin shekara ashirin aka ci bashi a kan bashi, yawanci don a biya ruwan na baya, kuma sau da yawa abin da ke shiga hannu bai fi rabi da 'yan kai na abin da aka rubuta ba. A 1863 aka kafa bankin da aka ba ikon buga takardar kuɗin daular shi kaɗai. Sunansa na Usmaniyya ne, jarinsa na Ingila da Faransa. A watan Oktoba na 1875, bayan fari da yunwa a Anadolu da rikicin kasuwannin Turai na 1873, gwamnati ta sanar cewa rabi kawai za ta iya biya, a shekara mai zuwa ta daina gaba ɗaya. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Sulhun da aka yi a 1881, Dokar Muharram ta zamanin Abdulhamid na Biyu, ya yafe kusan rabin bashin, amma da sharaɗin da ya fi bashin ciwo. Aka kafa hukumar bashi, Duyunul Umumiyya, wadda wakilan masu bin bashi na Turai ke jagoranta, aka damƙa mata harajin gishiri da taba da barasa da kan sarki da kamun kifi da ushirin siliki, ta karɓa da kanta ta aika waje. Ta tara dubban ma'aikata a larduna, ta gina katafariyar hedikwata a tsakiyar Istanbul wadda yau makarantar sakandare ce. Taba kuwa aka ba wani kamfanin Turawa ikon saye da sayarwa shi kaɗai daga 1883, manomi ba shi da halin sayar wa maƙwabcinsa ganyen da ya noma, 'yan sintirin kamfanin kuma suna harbin masu fasa-ƙwauri. A da sarki na ɗibar rabonsa daga aljihun talaka a ɓoye, kuma in abin ya yi yawa ana iya zuwa ƙofar fada a yi kuka. Yanzu mai ɗiba yana Landan da Faris, ba ya jin Turkanci, ba kuma wanda zai iya tsige shi. Lira tana nan da zinariyarta cif, sunan sarki na kanta, amma kuɗin shigan da ke bayanta ya zama na wasu. Ba mamaki da Abdulhamid ya tashi shimfiɗa layin dogo daga Dimashƙu zuwa Madina, wanda aka fara a 1900 ya isa a 1908, ya ƙi neman bashin Turai, ya dogara da gudummawar Musulmi da harajin cikin gida.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa abin da ya rage. Daga 1915 aka riƙa buga takarda da alkawarin za a fanshe ta da zinariya bayan yaƙi, farashi a Istanbul ya ninka fiye da sau goma, a lardunan Larabawa mutane suka ƙi karɓar takardar sai da tilas, Ingilishi kuma suna raba fam na zinariya ga ƙabilun da suka bi Sharif Husaini wajen yi wa daular tawaye. A yarjejeniyar Lozan ta 1923 aka amince a raba bashin daular tsakanin ƙasashen da suka fito daga cikinta, Jamhuriyar Turkiyya ta ɗauki kimanin kashi biyu cikin uku. Shugabanninta na farko, waɗanda suka girma suna kallon ma'aikatan hukumar bashi a garuruwansu, sun yi shekaru suna ƙyamar cin bashin waje da kashe abin da ba su tara ba. Sun fitar da takardar lirarsu ta farko a 1927, suka kafa babban bankinsu a 1930, suka ci gaba da biyan bashin sarakunan da suka riga suka kora daga ƙasar, daga harajin manoman Anadolu da ma'aikatan birane. Kason ƙarshe an biya shi ne a 1954.